Tumakina ba sa ɗaukar ciki: gishirin lasa zai taimaka?

Malam, ka ce kana da tumaki Yankasa a Rigasa, rago na barbara amma ciki bai kamawa, kana tambaya ko gishirin lasa zai yi amfani.

Zai iya, in dai matsalar daga abinci take. A zafin Maris da Afrilu, ga busasshiyar harawa kaɗai, jikin dabba na tara wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Maniyyin rago ne kan fara jin jiki, sai ya rasa kuzari. Abin da ke kashe wannan tsatsa yana bukatar sinadarin seleniyam da bitamin E, da kuma zinki. Kanwar da muka gada ba ta wadatar da su, a nan ne gishirin lasa mai ɗauke da su zai taimaka.

Amma a yi hattara! Kar ka sayi dunƙulen lasa na shanu ka ajiye wa tumaki. Yakan zo da sinadarin tagulla da yawa, tunkiya kuwa tana tara shi a hanta, wata rana sai ka ga idonta ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja. Seleniyam ma in ya yi yawa guba ne, don haka allurarsa sai likitan dabbobi.

Kuma ka yi haƙuri, rago na ɗaukar kusan mako 7 kafin ya haɗa sabon maniyyi. Ka fara ba shi gishirin tun wata 2 kafin barbara, ka yi masa rumfa, ka ba su maganin tsutsar ciki. In an yi ɓari, kai su a gwada jini, a Shika ta Zariya akwai NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa.