Amsoshinku: IELTS, TOEFL ko wacce zan zuba wa kuɗina?

Tambayoyin nan duk a kan jarrabawoyin gwajin Turanci ne, irin su IELTS da TOEFL, da ake nema wajen masu son karatu ko aiki a ƙasashen waje. Wata ma'aikaciyar jinya daga Zariya ta rubuto: "Malam, ina son tafiya aiki Ingila, magana da Turanci ba ta ba ni wahala amma rubutu ne matsalata, wallahi har bacci ya ƙaurace min. Wacce zan yi?"

'Yata, kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. Hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila wato NMC tana karɓar guda biyu, IELTS Academic da OET, wato jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya. A IELTS ana son 7 a karatu da sauraro da magana, rubutu kuma 6.5 ya isa, a OET kuwa B ake nema sai rubutu da aka sassauta zuwa C+. Ni dai in ni ce ke OET zan duba duk da ta fi tsada, don komai nata na asibiti ne, za a ba ki bayanan majiyyaci a ce ki rubuta wasiƙar tura shi wajen wani likita, abin da kike yi kullum a wajen aiki ke nan, ba a ce ki yi sharhi kan ɗumamar yanayi ba. Ki samu wata uku kina atisaye, Allah ya ba da sa'a.

Wani daga Kano: "Na ci 7 a IELTS Academic, yanzu Kanada nake so ta Express Entry."

Ɗan'uwa, sai haƙuri, kuɗin nan sun tafi. A Express Entry, wato tsarin Kanada na karɓar masu ƙaura, ba Academic ake so ba, IELTS General Training suke so, ko wasu jarrabawoyin Turanci, CELPIP ko PTE Core. Me ya hana ka karanta shafinsu kafin ka biya?

Sai wannan tambayar da ta ɓata min rai: "Akwai wani a WhatsApp ya ce zai samo min 8 ba tare da na shiga jarrabawa ba, kuma zai sa sunana a kwamfutarsu, rabin kuɗi yanzu rabi daga baya."

To saurara. Wannan mutumin ɓarawo ne, kuma in ka biya kai ma ka shiga sahu. Takardar sakamakon IELTS tana da lamba a jikinta, jami'a ko ofishin biza suna shigar da lambar a intanet su ga sakamakon na gaskiya da hoton wanda ya zauna, cikin minti biyu asirinka ya tonu, shi kuwa gogan naka tuni ya toshe lambarka ya koma kan wani. Kuma ba asarar kuɗin ce babbar masifa ba, in Ingila ta kama ka da takardar bogi tana iya hana ka shiga har shekara 10, ka ga an yi ba a yi ba. Mutane sun manta abin da ya faru a 2014 da BBC ta bankaɗo maguɗin jarrabawar Turanci ta TOEIC a wasu cibiyoyi can Ingila, dubban ɗalibai aka soke wa biza, har da waɗanda suka rantse ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutum zai sayar da fili ko ya karɓi adashin uwarsa don tafiya waje amma wata biyu na zama da littafi ya gagare shi. Ko da an yi sa'a takardar ta wuce, ranar da malami ya ce ka tashi ka yi bayani gaban aji fa, wa zai ara maka baki? Rajistar IELTS a wajen masu shirya ta, British Council ko IDP, kawai ake yi, duk wanda ya ce yana da hanya ta bayan gida ka ce masa Allah ya kiyaye.

Wata ɗaliba mai neman digiri na biyu ta tambaya ko ta yi jarrabawar tun yanzu ta ajiye.

A'a, kar ki soma. IELTS da TOEFL da PTE shekara 2 kawai suke yi su mutu, kuɗin IELTS kuwa ya haura naira dubu 200. Ki fara rubuta wa makarantar, jami'o'in Ingila da dama suna karɓar C6 ta Turanci a WAEC ba sai an yi wata jarrabawa ba. In Amurka ce ki tambaya ko suna karɓar jarrabawar Turanci ta Duolingo, ta fi araha nesa ba kusa ba kuma a gida ake yi cikin kusan awa ɗaya, sai dai ki tabbatar da wuta da intanet mai ƙarfi, don kar ta yanke ana tsaka. Jarrabawar C1 Advanced ta Cambridge ita ce ba ta mutuwa, amma wasu makarantun duk da haka sabuwa suke so.

Na ƙarshe ya ce: "Malam wacce ce ta fi sauƙi, wadda ba sai an yi karatu ba?"

Babu. Je ka ɗauki littafi.