Bangon Littafin Ya Ɓalle, Fatar Tana Zubar Da Jar Ƙura: Yaya Zan Yi?

Tambaya: Malam, na gaji wani littafi daga kakana, an buga shi a 1884. Bangonsa na fata ne. Bangon gaba ya rabu da jikin littafin, kuma duk lokacin da na taɓa shi sai wata jar ƙura ta ɓata min hannu. Wani ya ce in shafa wa fatar mai sannan in liƙe bangon da gam. Shin in yi hakan, ko in kai a yi masa sabon bango gaba ɗaya?

Amsa: Ɗan'uwa, na ji daɗi da ka tambaya kafin ka taɓa shi, domin yawancin littattafan da ke zuwa hannuna sai an riga an yi musu gyaran gida ake kawo su, kuma kwance wannan gyaran ya fi ainihin aikin cin lokaci. Kada ka shafa mai, kada ka sa gam, kuma kada ka yarda a cire tsohon bangon.

Jar ƙurar nan fatar ce da kanta take rugujewa. Masu sana'ar suna kiran abin jar ruɓewa, kuma ya fi kama fatun da aka jeme da ɓawon itace a ƙarni na 19, wato daidai zamanin littafinka. A lokacin gidaje da ɗakunan karatu na cike da hayaƙin gawayin kwal da na fitilun gas. Hayaƙin yana ɗauke da iskar farar wuta, fata ta shanye ta, ta koma asid a cikinta, ya yi ta cin zaruruwan fatar shekara da shekaru har suka zama gari. Abin da ya ci ya ci, babu maganin da zai mayar da shi. Iyakar abin da za a iya shi ne a ɗaure abin da ya rage kada ya ci gaba da zuba.

Batun mai kuwa, wanda ya ba ka shawarar ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba. An daɗe ana shafa wa littattafai haɗin man ƙafar saniya da man gashin tumaki, har a manyan ɗakunan karatu. Daga baya aka ga sakamakon: fata ta yi baƙi, ta yi danƙo tana kama ƙura, mai ya ratsa ya ɓata takardun ciki, wani lokaci farin kitse ya fito a sama kamar fumfuna. Shi ya sa aka bar wannan hanya. A kan fatar da ta riga ta ruɓe, mai ba ya ƙara mata ƙarfi ko kaɗan. Ruwa ma ya fi shi ɓarna: ɗigo ɗaya zai iya baƙanta wurin ya ƙandarar da shi har abada. Don haka ko tsumma mai laima kada ya kusance shi.

Abin da mai gyara zai yi shi ne ya fara shafa wani sinadari da ake kira Klucel G, wanda aka narka cikin sifirit maimakon ruwa. Yana ratsa fatar ya riƙe garin wuri ɗaya. Sannan ya zo kan bangon. Hanya mafi sauƙi ita ce a yi masa mahaɗi da takardar Japan, wadda ake yi da ɓawon wata bishiya mai dogayen zaruruwa. Siririya ce ƙwarai amma tana da ƙarfi, ana rina ta ta dace da launin fatar, a manna ta da dafaffen sitacin alkama. Idan littafin mai nauyi ne, akwai wata dabara da wani masanin gyaran littattafai ɗan Ingila, Christopher Clarkson, ya fito da ita, inda ake tsaga siririn rami a kaurin kwalin bangon a cusa ƙyalle a ciki, ƙyallen ya kama bayan littafin, wato gefen da aka ɗinke shafukan, ba tare da an ɗaga tsohuwar fatar bangon ba. In bayan littafin ne ya mutu sarai, sai a sa sabuwar fata a ƙarƙashi a mayar da tsohuwar a kanta, da rubutunta da adonta.

Dalilin zaɓen sitaci shi ne ana iya kwance shi. Wanda zai karɓi littafin nan bayan shekara hamsin zai iya cire aikin in ya sami hanyar da ta fi. Gam na kanti da salatif ba haka suke ba. Salatif yana bushewa ya faɗi, ya bar tabon rawaya da ya ratsa takarda, kuma in ka ɓare shi daga fata, da fuskar fatar yake tafiya.

Sabon bango kuma, a ganina, asara ce. Ɗinkin littafin, irin kwalin, takardun farko da na ƙarshe inda masu shi sukan rubuta sunansu, duk shaida ne na inda aka yi shi da hannun da ya bi. Na fi son littafi da bangonsa na asali a ɓalle a kan wanda aka yi wa sabuwar riga aka zubar da tsohuwar.

Akwai abin da za ka yi da hannunka yau. Wanke hannu ka busar, ba sai ka sa safar hannu ba, domin tana rage jin yatsa har a yaga takarda. Mayar da bangon mazauninsa, ka naɗe littafin da takarda marar asid, ka ɗaure shi da faffaɗan zaren auduga, ƙullin ya zauna ta bakin shafuka, ba a kan fatar ba. Kada ka sa roba mai talewa. In ka sami akwatin kwali marar asid daidai girmansa, ka gama rabin aikin, domin littattafai da yawa akwatin kaɗai suke buƙata. Ajiye shi a kwance, nesa da rana da bangon ɗaki mai tsattsafo, inda laimar iska ba ta wuce kashi 60 cikin ɗari ba, don daga kashi 65 fumfuna take samun wurin zama. Leda kuwa tana tara gumi, ka guje ta.

In za ka karanta shi, kada ka shimfiɗa shi ya buɗe sarai. Tallafe kowane gefe da naɗaɗɗen tawul. Idan ka je wurin mai gyara, ka tambaye shi da me zai manna, kuma ko za a iya cirewa daga baya. Ka ce ya ɗauki hoton littafin kafin ya fara, ya rubuta maka abin da ya yi, sannan duk gutsuren fatar da ya faɗi ka tara shi a ambulan ka tafi masa da shi.