Tambayoyinku kan fasaha: haɗa kwamfutar gem ta farko da ɗan abin hannu

Wasiƙun wannan makon kusan duk daga masu haɗa kwamfutar buga gem da hannunsu a karon farko suke, kuɗin kuma a ƙirge. Na tsamo guda biyar.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na haɗa komai, na danna maɓalli, fankoki suna juyawa, fitilu sun kama, amma monita baƙi ƙirin. Firosesata Core i5-12400F ce, katin hoto kuma RTX 3060. Ko mataccen kaya aka sayar mini?

AMSA: Ɗan'uwa, kafin ka je ka tayar wa mai kaya da jijiyar wuya, leƙa bayan akwatinka. Na tabbata ka soka kebul ɗin HDMI a ramin sama, na jikin madabod, wato babban allon da ake jona dukkan kaya a kansa, kusa da ramukan USB. Harafin F da ke ƙarshen sunan firosesarka, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yana nufin ba ta da sashen hoto a cikinta, saboda haka wannan ramin kurma ne. Zare ka sauko ƙasa ka soka a jikin katin hoton. In har yanzu shiru, cire RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke soke a jikin madabod, ka mayar, ka danna sosai sai ka ji ya yi ƙas.

TAMBAYA: Malam, na sayi Ryzen 5 5600, madabod B550, katin RX 6600, RAM 16GB da SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri. Kuɗina sun kusa ƙarewa. Akwatin da zan saya yana zuwa da fawa saflai, wato na'urar da ke ba kayan wuta, kyauta a ciki, an rubuta masa wat 700, sai dai ban san sunan kamfanin ba. Tunda 700 ya fi ƙarfin abin da nake buƙata, ai ba matsala ko?

AMSA: Ƙanena, ka zaɓi kaya kamar wanda ya shekara yana wannan aiki, sai a mataki na ƙarshe ka zo za ka zubar da komai. Akwai matsala, babba ma. Wannan tambaya ce ta fi kowace zuwa mini, kuma ita ce ta fi ɓata mini rai, don haka gyara zama.

Duk abin da ke cikin kwamfuta, in ya lalace, yawanci shi kaɗai yake tafiya. RAM ya mutu, ka sauya RAM. Fanka ta tsaya, ka sauya fanka. Fawa saflai kuwa wutarsa tana kaiwa jikin kowane kaya, shi ne ke karɓar wutar bango ya mayar da ita bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3 ya raba wa kowa. Ran da marar kyau ya tashi mutuwa, yana iya jan madabod da katin hoto da SSD su tafi tare. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Lambar 700 da aka buga da manyan baƙaƙe a jikinsa ba ita ce abin dubawa ba. Juya shi ka karanta takardar da ke manne a gefe. Nemi layin da aka rubuta +12V, ka ga amfiya nawa ne a ƙarƙashinsa, ka ninka da 12. In ka ga 24A, to wat 288 ke nan, kuma daga wannan layin firosesa da katin hoto suke cin kusan duk wutarsu. Masu yin na bogi sukan tara lissafin a layin bolt 5 da 3.3, waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika buƙata ba, ko su rubuta ƙarfin da na'urar ke iya kaiwa na ɗan ƙiftawar ido kawai. Mai kyau kuwa, in an ce wat 550 ne, za ka tarar layin bolt 12 ɗinsa shi kaɗai ya kusa kai 550 ɗin.

Yanzu mu lissafa naka. RX 6600 wat 132 yake ci. Ryzen 5 5600 an yi mata rubutun wat 65, in ta ɗau zafi takan ɗara hakan kaɗan. Madabod da RAM da SSD da fankoki, ka ba su wat 50. Gaba ɗaya ba ka kai 300 ba. Ka ga ba 700 kake buƙata ba. Wat 500 ko 550 na gaskiya ya ishe ka har da rara.

Kwanakin baya wani yaro ya kawo mini tasa, fuskarsa kamar zai yi kuka. Ina kwance murfin gefe, ƙaurin robar da ta ƙone ya buge ni. Fawa saflai ɗinsa irin na kyautar nan ne, ba shi da kebul mai fil 8 na katin hoto, sai ya samo ɗan adafta ya jawo wuta daga kan SATA, wato kan wayar da aka yi don bai wa ma'ajiyar bayanai wuta. Kan SATA bai wuce wat 54 ba a layin bolt 12, shi kuwa kebul mai fil 8 an yi shi ne ya ɗauki har wat 150. Robar adaftan ta narke ta manne da ramin katin, wayoyin rawaya sun koma baƙaƙe, ɗaya har ya tsinke. Da na ɗaga fawa saflai ɗin a hannu sai na ji shi sakayau kamar gwangwanin da babu komai a ciki. Katin bai sake tashi ba. Wata da watanni yaron nan ya yi yana tara kuɗinsa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa abin da nake gaya maka yanzu. In fawa saflai bai zo da kebul ɗin katin hoto ba, shi da kansa ya faɗa maka ba a yi shi don wannan aiki ba. Kada ka nemo masa adafta.

Wani zai ce ai nasa yana da tambarin 80 Plus. Madalla, amma ka san abin da tambarin ke nufi: na'urar tana mayar da aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ta ja zuwa amfani, sauran ya tafi a zafi. Awon tattalin wuta ne. Bai ce komai a kan kariya ba, kuma masu bogi sun iya buga tambarin a kwali. Abin da za ka nema a takardar bayani shi ne OVP da OCP da OPP da SCP da OTP, wato kariya daga hauhawar bolt, da wuce gona da iri na amfiya, da lodin da ya fi ƙarfinsa, da haɗuwar waya, da zafi. Waɗannan ne suke kashe na'urar kafin ta kashe maka kaya. Sai ka duba garanti. Kamfanin da ya ba ka shekara 5 ko 7 ko 10 ya yarda da abin da ya ƙera. Sunan kamfani shi kaɗai ma bai wadatar ba, don da yawansu ba su ke ƙerawa da kansu ba, kuma gida ɗaya yakan fitar da mai kyau da mai rauni. Ɗauki cikakkiyar lambar samfurin ka nemi waɗanda suka gwada shi da na'urar awo.

Ni ɗabi'ata, fawa saflai nake fara saya kafin komai, sannan in raba ragowar kuɗin. Shi ne kayan da zai bi ka zuwa kwamfutarka ta biyu, wataƙila har ta uku. Kai tunda ka riga ka sayi sauran, ajiye su a kwalayensu ka jira wata ɗaya ko biyu. Gem ɗin ba gudu zai yi ba. Na kyautar kuma kada ka kwance shi don ganin cikinsa, kafasitocinsa suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango. In kuma ka sayi mai kebul na cirewa, kada ka taɓa sa masa kebul ɗin wani fawa saflai ko da ya shiga ramin daidai, don jerin wayoyin ba ɗaya ba ne daga kamfani zuwa kamfani.

TAMBAYA: RAM 16GB guda ɗaya zan saya ko 8GB guda biyu? Kuma na ga DDR5 ya fi sauri, zan iya sa shi a madabod B450?

AMSA: Guda biyu, malam, don su yi aiki ta hanya biyu a lokaci ɗaya. In ramuka huɗu ne, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen firosesa ake sawa, littafin madabod ɗin zai tabbatar maka. Shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka kunna XMP, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa, ko DOCP in haka naka ya kira shi, in ba haka ba RAM ɗin da ka biya kuɗin 3200 zai zauna yana rarrafe a 2133 ko 2400. DDR5 kuwa ba ya shiga B450. Soket AM4, wato mazaunin firosesa da ke kan B450, DDR4 kaɗai ya sani, tsagar da ke ƙasan RAM ɗin ma ba wuri ɗaya take ba. Na san masu ƙarfin hannu irinku, kada ka ce za ka danna shi ya shiga dole.

TAMBAYA: Malam, yayana ya haɗa mini kwamfuta da monita mai 144Hz, amma ban ga wani bambanci da tsohuwar ba.

AMSA: 'Yar'uwa, ba za ki gani ba, don har yanzu a 60 take, wato sau 60 take sabunta hoto a daƙiƙa maimakon 144. Windows ba kullum take ɗagawa da kanta ba. Shiga saitin allo, sashen ƙarin saiti, ki zaɓi 144. In babu shi a jerin, kebul ne, sa DisplayPort. Ki gaya wa yayan naki aikinsa bai ƙare ba.

TAMBAYA: Ɗan abin da ya rage mini zai sayi fankoki masu fitilu kala-kala guda uku, ko SSD. Ina da tsohon hadis, wato ma'ajiyar bayanai mai faifai, mai 1TB. Wanne ya fi?

AMSA: Fitila ba ta ƙara wa gem gudu ko da firem ɗaya, sai dai ta haska maka fuska kana zaune kana jiran lodi. Tsohon hadis mai juyawa da ƙyar yake wuce megabait 200 a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai 550, NVMe na PCIe 3.0 kuma, wato SSD ɗin da ake sokawa kai tsaye a jikin madabod, wajen 3,500. Sayi NVMe, ka sa Windows da gem ɗin da ka fi bugawa a kansa, hadis ɗin ka bar shi ma'ajiyar bidiyo da hotuna. Fanka biyu marasa ado sun ishe ka, ɗaya a gaba tana jawo iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Kibiyar da ke gefen fankar ita ke nuna inda iskar ta nufa, duba ta kafin ka ɗaure kusoshi.