Fili Bai Zo Hannu Ba, Kada Ka Taɓa Kuɗin Banki

Wani malamin makaranta daga Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina ya rubuto cewa ana yanka fulotai a hanyar Dutsin-Ma. An ce ya biya yanzu, a nuna masa nasa bayan shekara guda. Yana tambaya ko ya karɓi bashin banki tun yau.

Malam, kada ka karɓa. Ranar da banki ya saki kuɗi, ranar yake fara lissafi, ba ruwansa da ko ka ga fili ko ba ka gani ba. Wata 12 za ka yi ana zaftare maka albashi, ga kuɗin hayar gidan da kake ciki, alhali ko bulo ɗaya ba ka ɗora ba. Idan ranka ya kwanta da wurin, ka ba da kafin alƙalami daga aljihunka, a rubuta ranar miƙa fili da sharaɗin mayar maka da kuɗinka idan aka saɓa. Neman bashin kuwa ka fara haɗa takardunsa saura wata biyu ko uku, amma kada a saki ko kwabo sai ka taka filin da ƙafarka.

In kana cikin masu zuba kashi 2.5 na albashi a Asusun Gidaje na Ƙasa, ruwan lamuninsa kashi 6 ne a shekara, ana biya har shekara 30. Sai dai na gini ne ko sayen gida ko gyaransa, kuma sai an ga takardar mallaka. Bankunan da ba sa karɓar ruwa, irin su Jaiz, su ma ba sa ɗora ciniki a kan alƙawarin baka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan cinikin biri a sama da muka mayar al'ada. Mutum zai yini yana tayin buhun masara a kasuwa, amma miliyoyi sai ya miƙa su saboda dillali ya nuna masa zane a waya. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna, kuma ba a jinginar da shi sai da amincewarsa. Takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki, banki ba ya karɓarta jingina. Shin wurin awon gwamnati ne ko awon igiya? An biya masu gona diyya? Magada duk sun sa hannu? Ka je ofishin filaye ka bincika da kanka, kada ka aiki dillalin da la'adarsa ke rataye da cinikin. Jinkirin miƙa fili, sau da yawa a nan yake ɓoye.

Wani matashi kuma ya rubuto cewa yana son cin bashi ya kama fuloti uku, ya sayar kafin a miƙa. Ka sayar da me? A'a.

Wata baiwar Allah daga Daura, mai riƙon marayu, ta biya rabi, wa'adi ya wuce da wata huɗu, barci ya gagare ta. Hajiya, Allah ya raya miki su, ki kwantar da hankalinki. Tunda ba ki ci bashi ba, da sauƙi. Kada ki ƙara ko sisi. Ki adana rasit da takardar ciniki, ki tafi da shaidunki biyu ki nemi a rubuta miki sabuwar rana. In aka yi miki hanya-hanya, ki kai takardun wurin lauya a makon nan.