Tambaya da Amsa: Rana za ta iya raba ruwa da gishiri?

Tambaya: Da na je aikin Hajji an ce mini ruwan famfon Makka daga teku ake samo shi. Rijiyar garinmu zartsi gare ta, sabulu ba ya kumfa, shayi ba ya daɗi. Ga rana Allah Ya hore mana. Ba za ta yi mana wannan aikin ba?
Wani Alhaji, jihar Tahoua

Amsa: Alhaji, Allah Ya karɓi ibada. Gaskiya aka faɗa maka. Tashar tace ruwan teku ta Shu'aiba da ke bakin Bahar Maliya tana ba Makka da Jidda ruwa, sai dai da mai da wutar lantarki take aiki.

Rana ma tana iyawa. Ka duba murfin tukunyar miya: gumin da ke jikinsa babu gishiri. Haka ake yi da akwati marar zurfi, a shafa wa cikinsa baƙin fenti, a zuba ruwan zartsi kaɗan, a rufe da gilashi a karkace. Ruwa ya yi tururi, ya taru a gilashin, ya gangaro cikin kwalba, gishiri ya kwanta a ƙasa. Tun 1872 aka gina babba irinsa a Las Salinas ta ƙasar Chile. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fanni, don marigayi Farfesa Abdou Moumouni ya daɗe yana jagorantar ofishin makamashin rana a Yamai.

Matsalar ita ce yawa. Gilashi mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, lita 3 zuwa 4 yake bayarwa a wuni, domin fiye da rabin zafin yana salwanta. Ga ƙurar hunturu, kullum sai an goge. In ka yi akwatuna da dama, ruwan shan gida zai samu, amma ban da wanki, balle dabbobi da lambun albasa. Duk da haka ina ganin ya cancanci wahalar, musamman saboda yara.

Abin da ya fi damuna shi ne ragowar. Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri giram 35, kuma manyan tashoshi suna mayar da ruwa mai gishirin da ya fi haka cikin teku, yana cutar da halittun da ke ƙasansa. Mu da ba mu da teku, in ka zubar da naka a gona ko kusa da rijiya, ƙasar za ta mutu. Ka tara shi a tsohon baho ya bushe, ka kwashe. Kada a lasa wa dabbobi sai an kai ruwan rijiyar awo an san abin da ke cikinsa.