Ta Yaya Na'ura Ta Fara Koyon Gane Abin Da Ta Gani?

Tambaya: Malam, a aji an ce mana tun shekarun 1950 aka ƙera na'urar da ke koyo da kanta. Abin ya ɗaure min kai. Kwamfutar wancan zamani da ta cika ɗaki guda, ta yaya za ta koyi gane abu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Gaskiya aka faɗa miki, 'yar uwa. Ina kyautata zaton Perceptron malaminku yake nufi, wadda Frank Rosenblatt, masanin halayyar ɗan Adam, ya ƙirƙiro a cibiyar binciken jiragen sama ta Cornell da ke Buffalo a Amurka, da kuɗin sojan ruwan ƙasar. A 1958 aka gwada dabarar a gaban 'yan jarida da kwamfuta IBM 704. Ana ba ta katuna, wasu da alama a dama, wasu a hagu. Bayan gwaji kusan 50 ta fara rarrabe su.

Daga baya aka ƙera mata jiki nata, Mark I, kuma a nan amsarki take. Idonta ƙwayoyi 400 ne masu jin haske, 20 a tsaye, 20 a kwance. An jona su da wayoyi barkatai, da gangan, zuwa wasu sassa 512 a tsakiya. Daga nan saƙo yana bi ta wasu maɓallai irin na murɗa ƙarar rediyo kafin ya kai wurin ba da amsa. A nuna mata harafi, ta yi hasashe. In ta kuskure, sai ƙananan injuna su murɗa maɓallan: wanda ya ja ta ga kuskure a rage masa ƙarfi, wanda ya nuna daidai a ƙara masa. Babu wanda ya rubuta mata siffar harafin. Gyara bayan gyara, shi ne koyon nata.

Jaridu kuwa suka zuzuta, har aka ce za ta yi tafiya, ta yi magana, ta san da wanzuwar kanta. Wannan zuzutawa ta cutar da ita.

A 1969 Marvin Minsky da Seymour Papert na jami'ar MIT suka nuna da lissafi inda ƙarfinta ya tsaya. Ɗauki fitilar da ke da makunni biyu: tana kamawa in ɗaya ne kaɗai a sama, tana mutuwa in duka biyun suna sama ko suna ƙasa. Perceptron mai hawa ɗaya, wato mai jeri ɗaya na maɓallan da ake murɗawa, ba za ta taɓa koyon wannan ba, domin layi ɗaya miƙaƙƙe kawai take iya ja tsakanin rukuni biyu, kuma layi ɗaya ba zai raba yanayin kamawar fitilar da na mutuwarta ba. Ana yawan cewa su biyun ne suka kashe wannan bincike. A ganina an yi musu yawa. Lissafinsu daidai ne, kuma a lokacin ba a da ingantacciyar hanyar horar da mai hawa da yawa. Rosenblatt ya rasu a haɗarin kwalekwale a 1971, yana da shekara 43.

Sai a 1986 David Rumelhart da Geoffrey Hinton da Ronald Williams suka yaɗa dabarar mayar da kuskure baya, hawa bayan hawa, don a san maɓallin da za a taɓa. Ƙirƙirarriyar basira da ke gane fuskarki a waya daga wannan zuriya take, sai dai maɓallanta lambobi ne miliyoyi a cikin manhaja. Ita Mark I tana ajiye a hannun gidan tarihi na Smithsonian a Amurka.