Amsoshin Tambayoyinku: Kafin A Ɗora Sabuwar Sigar Manhaja

Wata baiwar Allah mai kula da kwamfutocin wata ƙungiya a unguwar Zariya ta rubuto cikin damuwa. Da Airflow 2, manhajar tsara ayyukan kwamfuta bi da bi, suke jera ayyukan tattara rahoto kowane dare, ta ji an ce ta 3 ta fito, tana tsoron aikinsu ya tsaya.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, wadda ke hannunki ba za ta daina aiki yau ba, sai dai gyaran tsaronta ba zai dawwama ba. Airflow 3 ta fito a Afrilun 2025 da canje-canje masu nauyi. An cire SubDAG, tsohuwar hanyar haɗa ayyuka rukuni-rukuni, sai dai TaskGroup da ta maye gurbinta. An hana ayyuka taɓa rumbun bayanan manhajar kai tsaye, kuma ba ta cike ayyukan ranakun da suka wuce da kanta sai an umarce ta. Idan taku ba ta kai 2.7 ba, ki fara kai ta can. Ki ajiye kwafin rumbun, ki gwada a wata kwamfuta daban, kuma kada ki soma alhali ba ki da batirin da zai riƙe ki in an ɗauke wuta.

Wani Alhaji mai shagunan suga da shinkafa a babbar kasuwa ya ce wani yaro zai ɗaga masa Camunda, manhajar tafiyar da matakan aiki, daga siga ta 7 zuwa ta 8, kuɗin aiki kawai zai biya "tunda kyauta ce".

Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Camunda 8 wani gini ne daban a kan injin Zeebe, abin da aka rubuta wa ta 7 sai an sake zama a kansa. Daga siga 8.6, ta Oktoban 2024, yin kasuwanci da ita a kan na'urarka yana buƙatar lasisin kuɗi. Ita ma ta 7 ta kyauta an daina sabunta ta a Oktoban 2025, shi ya sa wasu suka ci gaba da ita da sunan Operaton da CIB seven.

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutumin da zai yi rabin yini yana ciniki a kan dala biyar na dako, shi ne zai ƙirga jakunkuna ya miƙa don an nuna masa allo mai kyau. Ba ya tambayar lasisi, ba ya tambayar wa zai gyara in ta lalace, ba ya neman a rubuta masa abin da aka yi. Yaro ya tafi Yamai, lambarsa ta daina shiga, lissafin kaya ya maƙale. Ka sa shi ya nuna maka takardar lasisin, ya gwada a kan kwafi, ka biya rabi, sauran sai ta yi wata guda tana aiki.

Wani ɗalibi kuma yana tambaya ko Camunda 8 ta fi Airflow 3, tunda 8 ta fi 3 yawa.

Ɗana, kowace manhaja da ƙidayarta, kuma aikinsu ma ba ɗaya ba ne. Koma ka yi karatu.